Gidan Badamasi: Muna Dariya, Alhali Da Mu Ake



Tun 2019 da tashar Arewa24 ta fara haska Gidan Badamasi na Falalu A. Ɗorayi, da wuya ka samu Bahaushe a nan Mile 3 da bai san Alhaji Badamasi ba, wanda Magaji Mijinyawa ke fitowa a matsayinsa: attajiri mai maƙo da ya yi aure-aure ya tara 'ya'ya, kowa da uwarsa, kowa idonsa na kan dukiya. Shiri ne na barkwanci, amma mu a ganinmu mazauna kudu ya fi shafa.

Da yawanmu mun shekara ashirin ko talatin a Fatakwal. Wani yana da iyali a Kano ko Sakkwato, ya kuma yi aure a nan Diobu, uwargida ba ta sani ba. Wani ya sayi fili da sunan abokinsa. Wani ya karɓi kaya bashi daga arewa, ba takarda, ba shaida, sai yarda. To, ranar da ta Allah ta kasance fa? Kafin a yi sadakar uku waya ta fara ƙara, ƙungiya ake nema. Ga 'yan uwa sun hawo mota daga gida, ga wata baiwar Allah riƙe da yara biyu tana cewa na mamacin ne, shi kuwa mai ba da amsa yana ƙasa. A fim a nan ake ƙyaƙyatawa. Mu da muke zaman sulhun ba mu taɓa ganin wanda ya yi dariya ba.

Wasu za su ce sirrin mutum nasa ne, kuma faɗa wa uwargida tayar da fitina ne. Mun ji. Amma fitinar da kana raye za ka iya kashewa ta fi wadda za ka bar wa marayu sauƙi. Tumunin gado na matan mamaci ne gaba ɗayansu, har wadda aka ɓoye, kuma ba a rabo sai an biya bashi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka.

Shawararmu: kowa ya rubuta matansa, 'ya'yansa, abin da ake binsa da wanda yake bi, shaidu biyu su sa hannu. Ya ajiye ɗaya wurin limamin masallacinsu, ya aika ɗaya ga wani ɗan uwa a gida. Wanda rubutu ke ba wahala ya same mu bayan sallar Juma'a.