Sharhi: Harkar Fim da Ciwon Rashin Lissafi

Sharhinmu na yau kan harkar fim ne, da ciwon da ke cin ta a tsaye, wato rashin lissafi.

A 2009 hukumar UNESCO ta bayyana cewa a shekarar 2006 Indiya ta shirya finafinai 1,091, Najeriya 872, Amurka 485. Waɗannan alƙaluma su suka sa duniya ta waiwayo ta ɗauki finafinan Najeriya da muhimmanci.

To mu fa a nan Kano? Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 ake wannan sana'a, amma har yau da yawa daga masu zuba jari da "an ce" suke aiki. An ce fim ba ya sayuwa sai da waƙa. An ce sai da fuskar jarumi wane. Wa ya ƙirga? Ina littafin? Rashin lissafi ne, jama'a.

A zamanin kaset da faifai akwai uzuri, domin masu satar fasaha sun hana a san kwafi nawa ya shiga gari. Yanzu uzurin ya ƙare. Duk mai ɗora shiri a YouTube, shafin yana nuna masa ƙasar da masu kallo suke, da shekarunsu, har da daidai mintin da suka gaji suka fita. In ana kai wa wurin waƙa layin da ke nuna yawan masu kallo ya faɗo ƙasa, to masu kallo sun yi magana. In ya tashi, sun yi magana. Amma sai ka ga an leƙa jimlar masu kallo kawai, an tura wa abokai, an rufe waya.

Kuma wa ke shan wahalar? Mai riƙe fitila, mai ɗinkin kaya, matar da ke dafa wa 'yan lokeshan abinci. In fim ya faɗi, haƙƙinsu ake fara dannewa, a ce kasuwa ce ta ƙi. Wannan zalunci ne, Allah kuwa ba ya barin haƙƙin wani a kan wani.

Don haka muna kira ga furodusoshi: ku buɗe littafi. Ku rubuta abin da aka kashe da abin da ya dawo. Ku ɗauki matasanmu da suka karanci ƙididdiga su tace muku bayanan kafin ku sake zuba ko sisi. Allah ya sa mu gyara.