Sana'a Sa'a: Yadda Ake Zaɓen Akwatin Soket Mai Ƙarko

A kowane gareji na ƙasar nan, tun daga Ikko har Maiduguri, akwai ranar da mai koyon kanikanci yake ɗokin zuwanta fiye da kowace rana, watau ranar da maigidansa zai sa masa albarka ya sallame shi ya je ya kafa tasa rumfar. A wannan rana ce kuma yake tuna cewa sufanun da ya yi shekaru yana juyawa ba nasa ba ne. 'Yan kuɗin da iyaye da dangi suka harhaɗa masa su ne jarinsa duka, kuma akwatin soket ne zai cinye kaso mai tsoka a ciki. In ya iya zaɓe, akwatin zai kai shi har tsufa. In kuwa ya yi cinikin biri a sama, kafin wata ya mutu sai a gan shi yana bin rumfunan maƙwabta yana aro. Batun da wannan fili zai duba ke nan a wannan mako, domin amfanin sababbin makanikai da direbobi da masu injin ban-ruwa ko na niƙa.

Ga wanda bai sani ba, soket wani guntun ƙarfe ne mai kama da ɗan ƙaramin kofi, wanda ake kifawa a kan noti ya rungume shi ta kowane gefe, a ɗaya bakin kuma yana da rami mai kusurwa huɗu inda ake cusa hannun da za a juya shi. Wani Ba'amurke mai suna J. J. Richardson ya yi rajistar hannu mai haƙora na irin wannan aiki tun a 1863. A 1920 kuma aka kafa kamfanin Snap-on a birnin Milwaukee na Amurka, wanda ya fara da hannu 5 da soket 10 da ake iya sauya wa juna. Hikimar abin tun asali ita ce kaya kaɗan su yi aiki mai yawa.

Wannan hikima ce 'yan kasuwar yau suka juya. Mai saye zai tarar da akwati an rubuta masa guda 94, ko 108, ko ma 150, ga ƙyalli kamar kayan lefe, ga kuɗi kuma bai taka kara ya karya ba. Amma in ya zauna ya ƙidaya, sai ya ga kaso mai yawa na abin da ke ciki ƙananan kawunan sukundireba ne da tarkacen da zai yi shekara bai taɓa ba. Soket ɗin da zai yi aikin yau da kullum bai wuce goma sha wani abu ba, kuma a kansu ne ya kamata kuɗin su tafi. Araha dai ba ta ado. Soket mara kyau yakan buɗe baki ya zame, ya cinye kusurwoyin noti, aikin minti biyar ya koma na yini guda da guduma da kurfi, wani lokaci sai an kira mai walda. In ya zame ana cikin dannawa da ƙarfi, yatsun bakanike ne za su daki ƙarfe. Mai mota kuwa da ya ga haka ba zai sake dawowa ba.

Saboda haka tambayar farko da mai saye zai yi wa kansa ita ce: waɗanne motoci ne za su riƙa shigowa rumfarsa? Tsofaffin makanikai sun san zamanin Bedford da Land Rover na Ingila, lokacin da awon inci yake tashe. Daga 1975, sa'ad da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Ikko, sa'an nan motocin Japan suka cika hanyoyi, sai awon milimita ya mamaye gareji. Har Toyota da Honda da ake shigowa da su daga Amurka ma da milimita aka ɗaure su. Mai buƙatar inci a yau shi ne wanda ke aikin tsofaffin manyan motocin Amurka irin su Mack, da wasu injunan aikin hanya. Wanda ba wannan ne aikinsa ba, bai kamata ya biya kuɗin akwatin da aka raba biyu tsakanin inci da milimita ba.

A cikin milimitar ma akwai bambanci. Ƙusa mai kaurin milimita 8, kanta lamba 12 ne a motar Japan, amma lamba 13 ne a motar Turai. Mai kaurin milimita 10 kuwa, lamba 14 ne a ta Japan, a ta Turai 17 ko 16. Don haka mai aikin Toyota da Nissan da babura zai fi yawan ɗaukar 8, 10, 12, 14, 17 da 19, shi kuwa mai aikin Peugeot da Golf da Mercedes ba zai rabu da 13, 16 da 18 ba, har da kawuna masu siffar tauraro. Notin taya galibi 21 ne a Toyota, 19 a Honda, 17 a Golf. Fulogi kuwa yana da nasa dogon soket, mafi yawa 16 ko 21, wasu sababbin motoci 14. Akwati mai arha yakan tsallake wasu lambobi, musamman 16 da 18, sai mai shi ya koma yin dabara da na kusa. Wannan dabara ita ce babbar mai kashe noti. Rabin inci milimita 12.7 ne, ba 13 ba ne, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya ɓata noti mai tsatsa.

Abu na biyu shi ne girman ramin baya, wanda har yanzu da inci ake auna shi ko da soket ɗin na milimita ne. Akwai na rubu'in inci, na ƙananan ayyuka kamar na lantarkin mota da babur. Akwai na 3/8, matsakaici, mai daɗin aiki a jikin injin. Akwai na rabin inci, wanda ke ɗaukar taya da birki da duk aikin ƙarƙashin mota. Sa'an nan akwai na 3/4 da na inci guda, na tirela da tifa da tarakta. Bakaniken ƙananan motoci da kuɗinsa ba su kai ya sayi biyu ba, ya fara da na rabin inci, daga baya ya ƙara da ƙarami. Mai gyaran babur da Keke Napep kuwa, na 3/8 zai yi masa mafi yawan aiki.

Abu na uku, a leƙa cikin bakin soket ɗin a ƙidaya kusurwoyinsa. Mai kusurwa 6 yana kama noti ta faffaɗan gefensa, shi ya sa ya fi riƙe noti mai tsatsa ko wanda ya sha ɗauri. Mai kusurwa 12 ya fi saurin hawa kan noti a lungu, amma a bakin kusurwa yake kamawa, don haka ya fi saurin zamewa. Tun da yake yawancin motocin da ke zuwa gareji a ƙasar nan sun sha hanya, kuma notunansu sun wuce ta hannaye da yawa, mai kusurwa 6 ya kamata a fara saye. Mai 12 sai a nemi ɗaiɗaiku, domin akwai wasu ƙusoshin kan injin da sai da shi ake kwance su.

Sai batun ƙarfe. Soket na hannu mai kyau da ƙarfen da aka gauraya da kuromiyam da banadiyam ake yin sa, akan buga masa alamar Cr-V. Akwai kuma baƙi mai kauri, mai alamar Cr-Mo, wanda aka yi domin injin kwance noti mai aiki da iska ko batir, irin wanda masu faci da manyan gareji ke amfani da shi. Kada a kuskura a ɗora farin soket a kan wannan injin, domin yana iya tarwatsewa ɓarɓashin ya sami ido. Amma fa a sani, buga alama ba wuya gare shi ba, kowa ma yana iya bugawa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Mai saye ya tafi kasuwa da sababbin notuna biyu ko uku a aljihu, ya kifa soket ya girgiza. Na kirki zai zauna daram, na banza kuwa zai yi ta rawa. Ya duba ko cikinsa sumul yake, ko farin jikinsa ya fara ɓarewa, domin wanda ke ɓarewa yana yanka yatsa. Ya kuma fifita wanda aka sassaƙa lambarsa a jikin ƙarfe, saboda ta fenti baƙin mai ne zai shafe ta.

Hannu mai haƙora, wanda makanikai ke kira racet, shi ne ya fi komai saurin mutuwa a akwati mai arha. Mai haƙori 72 yana kamawa da an motsa shi digiri 5, mai 36 kuwa sai digiri 10, don haka na farko ya fi amfani a wuri matsattse. A juya shi dama da hagu a saurara: ƙarar ta zama daidai ba tsallake, ɗan makullin sauya hanya ya tsaya inda aka sa shi, soket kuma kada ya faɗo in an kifa shi ƙasa. Ko racet ɗin na wane kamfani ne, ba a yi shi don a zura masa bututu a hau kai da ƙafa ba. Wannan aikin dogon hannu ne mara haƙora, wanda kuɗinsa bai kai na racet ba, kuma shi ne zai tsawaita ran racet ɗin.

Game da inda za a saya, sunayen da duniya ta sani su ne irin su Gedore da Hazet da Stahlwille na Jamus, da Facom na Faransa, da Snap-on na Amurka, da Koken na Japan. Sababbinsu sun fi ƙarfin aljihun mai farawa, amma akan yi dace da na hannu a cikin kayan tokunbo, a kasuwanni irin su Ladipo a Ikko, da Nkpor kusa da Anacha, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano. Tsohon soket na ainihi wanda bakinsa bai buɗe ba, bai kuma tsage ba, ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. A tsakiya kuma akwai kayan Taiwan, irin su King Tony da Toptul, waɗanda suka yi suna wajen haɗa nagarta da rangwame. Ƙasar Sin ma tana ƙera mai kyau tana ƙera na banza, gwargwadon abin da ɗan kasuwa ya yi oda. Duk wanda aka miƙa wa sabon akwati mai sunan Jamus a kan kuɗin da bai fi na buhun gawayi ba, ya san abin da ya saya, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, watau SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke da alhakin yaƙi da jabun kaya, amma ba za ta tsaya wa kowa a bakin shago ba. Yana da kyau sabon shiga ya tafi da maigidansa ko wani tsohon hannu, ya kuma tambayi mai shago ko yana sayar da soket ɗai-ɗai, saboda lamba 10 ba ta daɗewa ba ta ɓace ba.

Abin da ya wajaba a fara da shi, ke nan, bai da yawa: soket mai kusurwa 6 daga lamba 8 zuwa 24 ba tare da tsallake ba, da 27 da 30 da 32 saboda manyan notuna, da racet ɗaya mai kyau, da dogon hannu, da sandar ƙarin tsawo gajera da doguwa, da soket na fulogi. In ciniki ya buɗe, sai a ƙara da sufanar awon ɗauri, domin kan injin da notin taya suna da iyakar ƙarfin da kamfani ya ƙayyade, ba a ɗaure su da ƙiyasi. Bayan an saya kuma, a riƙa goge kowane soket a mayar da shi raminsa kafin a tashi aiki, a ɗiga wa racet ɗan mai lokaci-lokaci, kada a mai da shi guduma, kada kuma a bar akwatin a ƙasa lokacin damina. Wanda aka ara wa kaya ya dawo da su kafin rana ta faɗi, a ƙidaya a gabansa.

Sai mako mai zuwa.