Cinikin biri a sama: Kumbon wasa ta intanet ko na shagon gari?

A Ingila da Italiya da Amurka akwai wata harka da ta daɗe tana cin kuɗin manya masu hankalinsu: tara ƙananan kumbuna na ado. Ana ƙera su da roba ko ƙarfe, kamar an kwafo na gaske, wasu na tarihi irin su Apollo, wasu na fina-finai irin su Star Wars da Star Trek. Mutum ya yi rajista da kamfani, ya ba da lambar katin bankinsa, a riƙa cire masa kuɗi duk wata ana aiko masa da kumbo ɗaya, ko ma ɓangare ɗaya na kumbon, har ranar da zai kammala haɗawa.

Yanzu da wayar hannu ta shiga kowane lungu, tallan irin wannan kaya yana iya faɗowa a Facebook ɗin malamin makaranta a Birnin Gwari kamar yadda yake faɗowa a na mutumin Landan. Ra'ayina shi ne, duk mai sha'awar wannan abu a garuruwa irin namu, kansa zai saya wa ko ɗansa, ya bar rajistar wata-wata ya nufi mai shagon garinsu. Shi ma mai shagon ina da ƙorafi a kansa, zan zo wurin.

Mu fara da yadda rajistar take aiki. Kamfanoni irin su De Agostini na Italiya da Hachette na Faransa sun ƙware a kai. Fitowar farko sai a karyar da farashi, don ka shiga. Daga nan farashin gaskiya ya dawo. Kumbon Millennium Falcon na fim ɗin Star Wars da De Agostini ya fitar, an raba shi ne kashi 100. Wato sai ka karɓi kashi 100 cif kafin ya zama kumbo. Idan ka tsaya a kashi na 60, abin da ke hannunka tarkacen roba ne da ƙananan kusoshi, ba ya ajiyuwa a kan tebur, ba ya sayuwa a kasuwa.

Mu yi lissafi na misali. A ce kowane kashi fam 10 ne na Ingila. Kashi 100 ya zama fam 1,000. Idan fam yana wajen naira 2,000, an tashi naira miliyan 2 ke nan, ban da kuɗin aikowa da na kwastan. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 zai yi sama da shekara 2 yana zuba albashinsa gaba ɗaya, bai ci ba bai sha ba.

Kuma farashin da ka shiga da shi ba shi za ka fita da shi ba. Wanda ya fara irin wannan biya a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a hukumance, ya wayi gari a Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Kamfanin bai ƙara masa ko sisi ba, amma nauyin da ke kansa ya ninka sau uku. Kafin wannan ma, a 2022 bankuna sun rage abin da katin naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe ƙofar baki ɗaya na tsawon lokaci. Wanda ke tsakiyar haɗa kumbonsa a lokacin, sai dai ya zauna ya zuba wa rabin kumbo ido.

Wasu za su ce ai kamar adashe ne, kana zubawa kaɗan-kaɗan har ka kwashi babba. To amma uwar adashe ka san ƙofar gidanta, ka san mijinta, ka san mai unguwar da za ka kai ƙara. A tsakiyar 2022 kamfanin Eaglemoss na Ingila, wanda ya fi kowa suna wajen kumbunan Star Trek, ya durƙushe. Mutanen da ke tsakiyar haɗa babban kumbon Enterprise-D suka tsaya cak da abin da suka samu. Sai daga baya wani reshen De Agostini mai suna Fanhome ya ɗauki aikin ya ci gaba. Waɗannan fa mutane ne da ke zaune a ƙasashen da ke da kotunan kare mai saye da gidan waya mai kai kaya har bakin ƙofa. Ina ga wanda ke Randagi ko Dogon Dawa?

Nan ne maganar ta zama ta Birnin Gwari zalla. Rajistar wata-wata tana tsaye ne a kan abubuwa uku da Bature ba ya ko tunaninsu don ya saba da su: hanya a buɗe, layin waya a buɗe, adireshin da ɗan aike zai gane. Mutumin Birnin Gwari ya ga ranar da aka rasa biyun farko lokaci guda. Shekaru da dama hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, ta Buruku da Udawa, ba ta biyuwa sai da rakiyar jami'an tsaro, saboda 'yan bindigar da suka mamaye dajin Kamuku da na Kuyambana. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako a ƙaramar hukumar, sannan daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba aka datse layukan waya. Kwamfutar kamfanin da ke cire kuɗi duk wata ba ta san an datse layi ba. Za ta cire ne kawai, ko ta ce ka saɓa alkawari.

Na uku kuwa, adireshi, kowa ya san yadda muke yi. Kayan da aka saya ta intanet yawanci a Kaduna yake tsayawa, wani ɗan uwa ya karɓa, ya kai tasha, ya ba direba, ya turo lambar direban. Sau ɗaya wannan ba komai ba ne. A yi shi sau 24 ko fiye, kowane wata da kuɗin mota da roƙon alfarma, kuma a ce babu ranar da ƙaramin ƙunshi mai ɗauke da kusoshi 6 zai ɓace a ƙarƙashin buhun masara, wannan sai mai ƙarfin imani.

Gaskiya ne abubuwa sun yi sauƙi. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe, bisa sulhun da aka yi da 'yan bindiga, motoci suka dawo hanya. Muna roƙon Allah Ya ɗorar. Amma wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ban ga hikimar mutumin da ya rayu cikin waɗancan shekaru ya ɗaure kansa da alkawarin biya na shekara 2 da wani kamfani da ke bayan teku ba.

Mai shago fa? Ka ɗauki kayan da hannunka, ka juya, ka ga inda ya tsage. Ka taya, ya ce albarka, ka ƙara, ya sallama. Idan kuɗinka bai cika ba ya ajiye maka zuwa ranar kasuwa, ko ya ba ka bashi don ya san mahaifinka. Idan ka kai gida ka tarar fiffike ɗaya babu, gobe da safe kana bakin shagonsa. Kuma ribar da ya ci a nan za ta kwana, wurin mai shayi da mai nama da makarantar Islamiyyar 'ya'yansa. Garin da kasuwarsa ta sha rufewa yana bukatar kowace naira ta zaga cikinsa sau biyu kafin ta fita.

Sai dai a nan ƙorafina yake. Je ka shagon kayan wasan yara a kowane gari na Arewa ana jibi Sallah, ka faɗa min abin da ya fi yawa. Bindigar roba ce. Ƙarama da babba, mai ƙara da mai wuta, har da wadda aka yi ta sak AK-47. 'Yan kasuwa sukan saro su daga Kano ko Kaduna, su kuma can an shigo da su daga Sin. Ka tambayi kumbo ko roka, sai a dube ka kamar ka tambayi nonon kaza. Mai shago zai ce abin da ake saye yake kawowa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma yaro ba ya neman abin da bai taɓa gani ba. A garin da yara suka san ƙarar bindiga ta gaske kafin su san karatun sallah, a ce kyautar Sallar da ta fi arha kuma ta fi samuwa ita ce bindiga, wannan abin kunya ne gare mu duka, masu sayarwa da masu saye.

Haka ma sama. Yaron da ya tashi a gefen wannan daji, in ya ji ƙarar jirgi ya ɗaga kai, abin da ya sani shi ne jirgin yaƙi ya fito farautar 'yan bindiga. Wannan ita ce ma'anar sararin samaniya a wurinsa. Shi ya sa ban yarda da masu cewa maganar kumbon wasa maganar ƙoshi ce, ana fama da abinci wa ke ta abin wasa ba. Ai ana sayen abin wasan duk da haka, ko da yunwa ko babu, duk Sallah. Tambayar ita ce wane iri.

Kuma ba labarin wasu can ba ne. Najeriya tana da hukumar sararin samaniya, NASRDA, tun 1999. An harba tauraron ɗan'adam ɗinta na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha a Satumban 2003. NigComSat-1 na sadarwa ya tashi daga Sin a 2007, ya lalace a 2008, aka maye gurbinsa a 2011. A 2011 ɗin dai aka harba NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi da hannunsu a lokacin da suke samun horo a Ingila. Irin waɗannan taurari ne ke ɗaukar hoton daji da gonaki da ambaliya daga sama. Indiya, da muka fi sani da fina-finan rawa da waƙa, ta sauke kumbonta Chandrayaan-3 a kan wata ranar 23 ga Agustan 2023. Ko kakanninmu sun san kumbo, har suka laƙaba wa ciwon ido sunan Afolo, don annobarsa ta ɓulla a Afirka ta Yamma a 1969, shekarar da Apollo 11 ya kai mutum kan wata.

Dole in ba intanet haƙƙinta. Kayan da waɗancan kamfanoni ke yi sun fi kyau nesa ba kusa ba, ma'auninsu daidai, kuma sukan zo da ɗan littafi mai bayani. Babban mutum mai sha'awar tarawa, mai hali, ba zai samu irinsu a shagon gari ba, ko a Kaduna ma sai an dace. Shawarata gare shi ita ce ya sayi cikakke a kwali ɗaya, biya ɗaya, aike ɗaya. Kamfanin LEGO ya fitar da rokar Saturn V a 2017 mai gutsattsari 1,969, adadin da aka zaɓa don tuna shekarar sauka a kan wata. Tana da tsada, amma ranar da ta iso ta iso duka. Mafi kyau ma, ya ba mai shagon da ya amince da shi saƙon, ya haɗo masa da kayansa in zai je sari, a ɗora masa 'yar riba. Mai shagon ya ga kayan, ya san akwai masu nema, wataƙila gaba ya kawo masu arha guda 10 ya gwada.

Akwai kuma hanyar da ta fi duka sauƙi, wadda muka mance muna da ita. Wanda duk ya tashi a ƙasar Hausa ya san motar kara da motar langa-langa. Yara kan fafe karan dawa su yi jirgi mai fiffike, su yanka tsohon silifas su yi taya, su buɗe gwangwani su yi bodi. Hannun da ya iya wannan ya iya roka. Saturn V ta gaske tsawonta ya kai mita 110, hawa 3 ce, kowane hawa in mansa ya ƙare sai ya ɓalle ya faɗo don a rage nauyi. Gwangwani 3 masu bambancin girma, a ɗora su, a yi musu hular kwali, an samu rokar da ke rabuwa kamar ta gaske. Idan aka yi ta mita 1, kowane santimita ɗaya yana wakiltar santimita 110, ga darasin lissafi ya shigo ba tare da allo ba.

Wadda ke tashi ma ana yi. Gorar lemo ta roba, a zuba ruwa kamar kashi ɗaya cikin uku, a toshe bakin da abin da ke da bawul ɗin tayar keke, a kifa ta, a yi ta bugun famfo. Iska ta matse, toshiyar ta fice, ruwa ya feso ƙasa, gora ta yi sama fiye da rufin aji. Dokar Newton ta uku ke nan da ake haddacewa a sakandare ba a taɓa gani ba, kuma ita ce dai ke ɗaga rokar gaske. Abin kiyayewa kawai, a yi a fili, babba na tsaye, kada kowa ya leƙa ta saman gorar.

A 2007 wani ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur, labarinsa ya zaga duniya. Masu irin wannan hannu suna nan a kowace tasha da kowane garejin walda a Birnin Gwari. Abin da babu shi ne mai saye. Da mai shago zai je wurin mai walda ko kafinta ko maƙerin da ke yin murhu da gwangwani, ya nuna masa hoton roka a waya, ya ce yi min 20 kafin Sallah, a shafa musu fenti fari da kore, a jera su a gaban shago kusa da bindigogin roba a kan farashi ɗaya, da mun ga wanne yara za su miƙa wa hannu.