Wa Zai Gaji Masu Goge a Arewa?

Duk matafiyin da ya bi babbar hanya daga Doso zuwa Dogon Dutsi sai ya ratsa Kore Mairuwa. Da mota ta tsaya, sauti ne ke fara tarbarsa: waƙar fim ɗin Kano daga salular ɗan kabu-kabu, labarun duniya daga rediyon mai shayi, wa'azi daga rumfar mai saida kaya. Abin da kunne bai cika ji ba shi ne kukan goge, alhali kuwa ƙasar Arewa na cikin wuraren da goge ya yi suna tun kaka da kakanni. Masu goge ba su ƙare ba, amma furfura ta kama da yawansu, kuma wuya ne a iske yaro zaune gefen ɗayansu yana koyo.

Goge ba abin kuɗi ba ne. Ƙoƙo ne da aka rufe da fatar guza ko ta damo, da sanda, da tsagiyar wutsiyar doki, da ɗan icce da ke ɗaga tsirkiya wanda ake kira jaki, da ƙaro da ake shafa wa abin gogawa. Tsirkiyarsa ɗaya ce tak. Gwani na iya harhaɗa wani sabo in wannan ya fashe. Dukiyar tana cikin kai da yatsun mai shi. A fagen bori, kowane iska da takensa da kirarinsa: na Doguwa dabam, na Mariya dabam, na Babule da suka ɓullo wajen 1925 dabam. Mai goge shi ke jan gaba, masu ƙwarya na bin sa, in ya saɓa take kuwa wasa ya ɓaci. Bayan bori akwai kiɗan buki, da na zuga, da na yabon masu kyauta. Duk wannan babu ko ɗaya a rubuce. Ranar da aka rufe tsoho guda, an rufe abin da ya tara a shekara hamsin.

Da can koyo ba ya buƙatar makaranta. Yaro kan fara da ɗaukar kayan maigida, sannan ya zauna cikin masu ƙwarya har kunnensa ya san awo, bayan shekaru a miƙa masa gogen. Wannan igiya ce ta tsinke. Bori ya ja baya ƙwarai a Arewa, kamar yadda Adeline Masquelier, wadda ta yi bincike a Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta nuna cikin littafinta na 2001. A birane kuma an daɗe ana haɗa goge da gidajen giya da na mata masu zaman kansu, har sunan ya zame abin kunya ga ɗan mutunci. Samari sun tafi bida Lagos, Kwatano da Libiya. Mai buki kuwa ya ga hayar lasifika ta fi sauƙi bisa ga ciyar da makaɗi da ƴan amshinsa.

Mai karatu na iya cewa haka zamani ya gada, babu makawa. To, akwai waɗanda wannan abu ya sama, suka kuma sami mafita. Al'ummomin Selt na yammacin Turai, wato mutanen Ailan, da Sikotlan, da Bretanye ta Faransa, suna da nasu kiɗan gargajiya, kuma a Ailan da Sikotlan goge na cikin manyan kayansa. Gogensu mai tsirkiya huɗu ne, amma hanyar koyonsa ɗaya ce da ta Arewa: da kunne, daga babba zuwa yaro, cikin gida ko dandali. Kowane yanki da salon jansa, har masani kan gane garin makaɗi daga hannunsa.

A Ailan, ƙaura zuwa Amurka da Ingila ta kwashe samari. Dokar 1935 a kan gidajen rawa ta raunana rawar da ake yi cikin gidajen manoma, inda yara ke jin kiɗan. Mutanen birni suka ɗauke shi abin ƙauyawa. A 1951 wasu makaɗa da masoya suka taru a garin Mullingar suka kafa ƙungiya mai suna Comhaltas Ceoltóirí Éireann. Dabararsu ba ta da wuya: kowane gari ya buɗe reshe, gwanin garin ya koyar da yaran garin mako-mako, a yi gasa daga gunduma har zuwa ta ƙasa baki ɗaya sau ɗaya a shekara. Rassan sun kai ɗaruruwa a ciki da wajen ƙasar, gasar kuma ta zame kasuwa mai jawo dubun dubatar baƙi, abin da ɗan kasuwa ba ya buƙatar a yi masa bayaninsa.

Labarin tsibirin Kap-Breton na Kanada, inda jikokin mutanen Sikotlan suke, ya fi kama da na Arewa. Can ma addini ya taɓa tsanar goge: ana ba da labarin wani limamin coci na ƙarni na 19 da ya bi gida-gida yana karɓe goguna. A farkon shekarun 1970 talabijin ta nuna wani shiri da ke cewa masu gogen tsibirin na gab da ƙarewa. Maganar ta yi wa mutane zafi. Suka shiga ƙauyuka suna neman duk mai iya ja, kuma a 1973 masu goge sama da ɗari suka hau dandali guda a ƙauyen Glendale. Cikin jagororin taron har da limamin cocin ƙauyen, John Angus Rankin. Daga nan aka buɗe azuzuwa, yaran wancan lokaci su ne malaman yau.

Ba sai an ƙetare teku ba. Imzad na Abzinawa ɗan'uwan goge ne, tsirkiya ɗaya, mata ke kaɗa shi. Da aka ga gwanayen sun tsufa, an buɗe gidan koyar da shi a Tamanrasset, kuma a 2013 UNESCO ta sa shi cikin gadon ɗan Adam da sunan Nijar, Mali da Aljeriya. Ga kuma Malam Mamman Barka, mushen lakwal ne kafin ya yi suna a kiɗa. A 2002 ya tafi gaɓar tafkin Cadi ya durƙusa gaban Bukar Tar, tsohon da ake ɗauka shi kaɗai ya rage mai kaɗa biram na Buduma. Ba domin wannan tafiya ba, da biram ya bi mai shi kushewa. Malam Barka ya rasu a 2018, wanda ke nuna cewa almajiri guda bai isa ba.

Darasin duk ɗaya ne. Cibiyar kiɗa ta Alhaji Taya da aka kafa a Yamai a 1989 ta tara kayan kiɗan gargajiya, gidan rediyon ƙasa kuma ya ɗauki muryoyin makaɗa da yawa. Aiki ne mai kyau. Amma gogen da aka rataye a bango ƙoƙo ne kawai, kaset kuwa ba ya kama yatsan yaro ya gyara masa. Sai gwani da yaro sun zauna tabarma guda, a garinsu.

Akwai maganar da ba ta kamata a kauce mata ba. Malamai da yawa ba su yarda da goge ba, kuma magidancin da ya hana ɗansa zuwa fagen bori yana da hujjarsa. Babu mai cewa a kai bori cikin aji. Sai dai goge ya fi bori faɗi. Garba Liyo da Audu Yaron Goge sun yi suna a Najeriya da kiɗan nishaɗi da yabo. Ana iya koya wa yaro harhaɗa goge, da ja, da kiɗan buki da na noma, da waƙoƙin tarihin Arewa irin labarin Sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Taken iskoki kuwa a ɗauke su a faifai da yardar masu su, a ajiye domin masu bincike. Wanda ya ƙi, ba a tilasta masa.

Abin da ake buƙata a Kore Mairuwa bai fi ƙarfin gari ba. Ma'aikatar magajin gari da hakimai su ƙidaya masu gogen da suka rage a ƙauyukan Dallol Mawri, daga ɓangaren Tibiri har na Dogon Dutsi. Daraktan lakwal ya ba da aji guda da marece ko lokacin hutu, ga yaran da iyayensu suka amince. Ƴan kasuwa ashirin in suka ba da jika guda-guda a wata, sun riƙe malami ɗaya, ya daina jiran sai an yi buki kafin tukunyarsa ta hau wuta. Ma'aikatan da aka haifa a yankin, da ke Yamai da Doso, su sa kyauta a yi gasa bayan girbi. Rediyon karkara ya sanya kiɗan yaran, domin yaro in ya ji kansa a rediyo, goma za su biyo shi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yatsa ma haka. Tsofaffin na nan da ransu, tsagiya da ƙoƙo ba su yi tsada ba. Abin da ya rage shi ne wanda zai fara shimfiɗa tabarma.