Kafin ku tura yaro neman galo

Da zarar sanarwar kwankur ta shiga makarantar horar da hafsoshi, wato EFOFAN ta Yamai, ta fara yawo a WhatsApp, sai ka ga gidaje sun motsa. Uba ya buga wa ƙaninsa da ke babban birni waya, uwa ta fiddo takardar haihuwa daga ƙasan akwati, kawu ya ce ai ya san wani kanar. Shi kuwa yaron da ake yi dominsa, wanda ya gama lisans a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ko ta André Salifou ta Damagaram, yana can fada yana shan shayi, sai dai a aiko a ce ya je ya ɗauki hoto. Ba wanda ya tambaye shi ko yana so. In ma an tambaya, tambayar ɗaya ce: "To, da zaman banza fa?"

Ni malamin lise ne, kuma da ku nake, ƴan'uwana malamai da iyaye. Mun mai da makarantar hafsoshi ofishin neman aiki, kuma wannan ganganci ne da rayukan mutane. Ran yaronmu yana ciki, amma ba shi kaɗai ba.

Mu fara da sanin aikin, domin yawancin masu tura yaran ba su taɓa tambaya ba. Ƙaramin laftana na sojan ƙasa, masu taka daji da ake kira anfantiri, ana damƙa masa seksiyo guda, mutum kamar talatin. A cikinsu akwai sarjan da ya girme shi da shekara goma, wanda ya ga yaƙi tun yana lise. Akwai kuma sabbin kurata da suka fito daga Tondibiya jiya jiya. Shi zai lissafa ruwa da mai da harsashi kafin a tashi. Shi zai duba taswira ya ce a bi wannan hanya a bar waccan, alhali ko wacce daga ciki ana iya binne nakiya. Shi zai ce wa zai yi gadi ƙarfe uku na dare, wace mota za ta shiga gaba. In ƙurar motoci masu ƙafa biyu ta taso daga nesa, yana da ƴan daƙiƙoƙi ya yanke ko ƴan kasuwa ne ko masu kawo hari. In ya yi kuskure ta nan, ya kashe bayin Allah. In ya yi ta can, an kashe masa mutane. In kuma aka dawo bariki da gawa, shi za a tambaya, kuma fuskarsa iyayen mamacin za su nema.

Ba tatsuniya nake ba ku ba. A tsibirin Karamga na tafkin Chadi, ranar 25 ga Afrilu 2015, sojojinmu 46 suka kwanta dama. A Inates, ranar 10 ga Disamba 2019, mutum 71, har da kwamandan barikin. Ranar 9 ga Janairu 2020, a Shinagodar, 89. Ku haɗa waɗannan biyun: soja 160 cikin wata guda, wato fiye da seksiyo biyar. A farkon Oktoba 2023, kusa da Tabatol wajen iyakar Mali, an sake rasa 29. Waɗannan alƙaluman hukuma ne, rediyon gwamnati ya faɗe su, an sassauto tuta. Duk mun ji, mun yi addu'a. Amma in aka zo maganar yaronmu sai mu manta, albashi kaɗai muke gani.

Na san amsar da za a ba ni, domin a ɗakin malamai ma ita ake bayarwa: "Mushe, kai kana da aikinka. Yaro ya gama jami'a shekara uku, ya yi bautar ƙasa, kwantiragin koyarwa ma bai samu ba, wanda ya samu kuma ɗan ladan nasa sai an yi wata da watanni. Soja ko ba komi ƙarshen wata yana zuwa." Gaskiya ne, kuma ba na raina yunwar kowa. Sai dai Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Albashin nan da kuke hange, ladan tsayuwa ne a gaban wuta. Yaron da ya shiga don albashi kaɗai, ranar da askin ya zo me zai yi? Abu biyu ne. Ko dai ya fara neman hanya, yau takardar likita, gobe a kira kawu ya kira kanar, har a maido shi wani ofis a Yamai. Ko kuwa ya tafi dajin da gangar jiki, zuciyarsa tana gida, yana ƙirga kwanaki. Na farko ya cinye gurbin wanda zai iya aikin. Na biyu ya fi haɗari, don mutum talatin suna bin bayan wanda ba ya nan.

Su wane ne talatin ɗin? Ƴaƴan manoma ne da makiyaya daga Dakoro, Mayahi, Tanut, Bouza, yaran da da yawansu ko birbe ba su samu ba. Wasunsu mu muka koyar da su a aji shida kafin talauci ya fidda su. Su ba su da kawun da ya san kanar. Duk uban da ya cusa ɗansa cikin aikin hafsa don ya rabu da ciyar da shi, ya sani ya ɗora wa ƴaƴan wasu shugaban da bai shirya ba. Ya magance matsalar gidansa da jinin gidan wani.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ba a faɗa da ƙarfi, amma yara suna jin sa sarai. Ƙasarmu ta ga juyin mulki biyar: 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Bayan na ƙarshe an naɗa masu kaki gwamnonin jahohi, wasu suka zama ministoci, wasu suka riƙe ma'aikatu. Ba muhawarar wannan na zo yi yau ba. Abin da ya dame ni shi ne darasin da muke ciro wa yara daga ciki. Na sha jin babba yana ce wa saurayi: "Ka shiga soja, ka ga wane, ajinmu ɗaya, yau shi ke da jaha sukutum." Malami ma, wanda ya kamata ya fi kowa kiyaye harshensa, sai ya tsaya gaban allo ya ce zamanin biro ya wuce, yanzu na kaki ne. To yaron da ya ji haka shekara bakwai, daga kwalej har bak, me kuke zato ya tafi nema a makarantar hafsoshi? Kujera ya tafi nema. Daji a wurinsa layi ne da ake bi kafin a kai ga kujera, kuma mai wayo ba ya daɗewa a layi.

Mun ga inda irin wannan tunani ke kai ƙasa. A 2020 binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya bankaɗo kwangilolin kayan yaƙi da aka ninka wa kuɗi, da waɗanda aka biya ba a kawo kayan ba. Rahoton farko ya yi maganar kusan miliyar 76 na sefa. A watannin da ake binne yaran Inates da Shinagodar ne wannan magana ta fito. Duk wanda ya sa hannu a irin waɗannan takardu, mai kaki ne ko mai babbar riga, wata rana yaro ne a gaban wani malami, kuma ɗa ne a wani gida da aka koya masa cewa aikin gwamnati wurin ci ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan a gida da lakwal take farawa.

Kada wani ya karanta wannan ya ce na goyi bayan ɗaya ɓangaren, masu cewa "ɗana ya yi karatu, ba zai je ya mutu a daji ba." Su ma ina da magana da su, kuma ta fi zafi. Kai da ka hana naka, ɗan wa kake so ya je? Kana kwana lafiya a Maraɗi don wasu suna kwana a kan tudu wajen Madarunfa da Gabi, cikin aikin Farautar Bushiya, suna tare ɓarayin shanu da masu satar mutane. Ɗaruruwan makarantu aka rufe a jahar Tilaberi saboda rashin tsaro, abokan aikinmu suka gudo suka bar allo da alli. Sojojin Faransa sun tafi a ƙarshen 2023, na Amurka sun bi su a 2024. Tun 2020 aka bayyana niyyar ninka yawan soja daga 25,000 zuwa 50,000. Ƙarin kurata yana nufin ƙarin hafsoshi, kuma daga wani gida za su fito. In duk mai hankali da tarbiyya iyayensa suka ɓoye shi, wa ya rage? Masu neman albashi da masu neman kujera.

Kuma ilimin nan da kuke cewa ya fi ƙarfin daji, a dajin aka fi bukatarsa. Yaƙin da muke ciki ana yin sa ne a tsakiyar talakawa, a bakin rijiya da kasuwar ƙauye. Hafsan da ya san tarihin yankin, ya san abin da ke tsakanin manomi da makiyayi, ya iya zama da maigari da ardo ya saurare su, ya san doka ta hana taɓa wanda ya ajiye makami, shi ne ke samun labari kafin hari ya zo. Wanda bai san wannan ba, kowane mai rawani abokin gaba ne a idonsa. A Satumba 2020 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, CNDH, ta ce ta gano gawarwakin fararen hula sama da 70 a yankin Inates, ta ɗora alhakin a kan wasu masu kaki, ma'aikatar tsaro kuma ta musanta. Ko yaya mutum ya ɗauki wannan rahoto, abu ɗaya a fili yake: a irin wannan rana, abin da ke tsakanin ɗan ƙauye da kabari shi ne tarbiyyar hafsan da ke wurin, da ƙarfin zuciyarsa na cewa a'a.

Akwai munafunci na uku da ya haɗa ɓangarorin biyu, shi ne na masu cewa yaro ya shiga, amma tun kafin ya sa kaki an fara bin manya don kada a kai shi anfantiri, a ba shi wajen kuɗi ko wajen kaya. Waɗannan ayyuka ne na halal, runduna ba ta tafiya sai da su. Amma in ɗan mai hanya kullum shi ke samun inuwa, ɗan marar hanya shi ke samun rana, sojan da ke cikin rami ya sani, kuma ranar da aka ce ya tashi ya yi gaba zai tuna.

To me nake so mu yi? Mu mayar wa yaron da shawararsa, mu kuma ba shi gaskiyar da zai yanke ta da ita. In ɗanka ko ɗalibinka ya zo da maganar, kada ka ce "madalla", kada ka ce "ban yarda ba". Ka tambaye shi: in aka ba ka aikin ofis gobe da albashi daidai da na laftana, za ka bar wannan maganar? In ya ce e, to aiki yake nema, a taya shi neman aiki. Ka tambaye shi: in ka yi shekara ashirin tsakanin Difa, Tilliya da Dirku, ba ka taɓa zama prefe ba, ba ka gina bene ba, za ka ce ka yi asara? Ka tambaye shi ko zai iya bin umarnin wanda ya fi shi galo amma bai kai shi karatu ba, ko kuma zai iya ƙin umarnin da ya san zalunci ne. Sannan ka aike shi ya zauna da tsohon ajidan da ya yi ritaya a unguwa, da sojan da ya dawo da ƙafa ɗaya, da matar da aka kawo wa kayan mijinta cikin jaka. Ba a rasa su a garuruwanmu yanzu. Ya ji daga bakinsu, ba daga bidiyon fareti na TikTok ba. Mahaifiyarsa ma a zauna da ita tun kafin a kai takardu, kada ta ji a bakin maƙwabta.

Mu malamai kuma mun fi kowa sanin yaran nan. Mun san wanda in aka ba shi shugabancin aji yake rubuta sunan abokan gabarsa kaɗai, mun san wanda ke tsayawa ya share aji tare da waɗanda ya sa. Mun san wanda in an yi laifi yake cewa "ni ne", da wanda ke nuna na kusa da shi. Na biyun nan ko ya fi kowa maki, mu gaya wa ubansa gaskiya: kada a ba shi ƴaƴan mutane. Na farkon kuwa, in da kansa ya zo ya ce yana so, bayan ya ji duk abin da na lissafa, to kada mu karya masa gwiwa don tsoronmu. Mu taya shi shirin kwankur, mu sa shi gudun safe, mu yi masa addu'a.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tambayoyin da ba mu yi wa yaro a zaure ba, daji zai yi masa su, a ranar da mutum talatin ke jiran amsarsa.