Gwajin ƙashi: Me ya sa MRI ba zai maye gurbin takardar haihuwa ba?

Tun 2009, lokacin da Najeriya ta karɓi baƙuncin Gasar Kofin Duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, FIFA ke tantance shekarun 'yan wasa da na'urar MRI. Ana duba wuyan hannu, inda guringuntsi ke rikiɗewa ya zama ƙashi idan yaro ya kusa daina tsawo. Nan ne ma likitoci ke dubawa su yi hasashen tsawon da yaro zai kai.

A 2016, 'yan wasan Golden Eaglets 26 sun faɗi gwajin.

Sai dai balaga ƙashi ke nunawa, ba ranar haihuwa ba. Gado da abinci kan sa wani ya riga sa'anninsa, don haka mai gaskiya na iya rasa gurbinsa. Muddin rajistar haihuwa ba ta inganta ba, na'ura ce alƙali.