Uwargida, Ɓera Ba Ɗan Gida Ba Ne

'Yan'uwa mata, ga kaka ta yi, hatsi ya shigo gida, kuma kowace uwargida ta san baƙon da ke biyo hatsi. Mun saba ɗaukar ɓera a kan ɓarawo kawai, mai huda buhu da cinye daddawa. To, akwai abin da ya fi sata muni a tare da shi, watau zazzaɓin Lassa.

Wannan cuta a ƙasarmu aka fara gane ta, a shekarar 1969, a garin Lassa da ke cikin Jihar Borno a yanzu. Wata ma'aikaciyar jiyya ce ta kamu, aka kawo ta Jos ta rasu, wadda ta yi jiyyarta ita ma ta bi ta. A 1970 cutar ta sake ɓulla a Jos, har ta kashe wata likita. Daga baya masana suka gano cewa wani ƙaramin ɓera mai nonuwa da yawa shi ke ɗauke da ƙwayar cutar. Shi ba ta yi masa kome, amma tana fita cikin fitsarinsa da kashinsa. In ya bi ta kan gari, ko tuwon da aka bari a buɗe, ko bakin randa, shi ke nan ya bar muku ita.

Cikin mutum 5 da suka kamu, wajen 4 ba su jin jiki sosai. Na biyar ɗin shi ne abin tsoro, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai masu kurumcewa. Mai tsohon ciki ita ta fi kowa shiga haɗari, domin sau da yawa cikin yakan zube, wani lokaci har da uwar. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu tashi tsaye.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gidan da ake kwana da kwanuka ba a wanke ba, ga dussa a zube gindin turmi, ga juji a bakin zaure, ai shi ya aika wa ɓera goron gayyata. Ki sa hatsi da gari cikin abu mai murfi. Ki rufe randa. Tuwon da ya kwana, ki ɗumama shi ya yi zafi ƙwarai, domin wuta tana kashe ƙwayar cutar. Shanyar kuɓewa da barkono a ƙasa ko a gefen hanya kuwa, lalle mu daina. A ɗora kan abu mai tudu, a kwashe kafin magariba. In kika ga kashin ɓera a ɗaki, ki yayyafa ruwan sabulu kafin shara, kada ƙurar ta tashi ki shaƙa.

Toshe ramuka da siminti aikin maigida ne, sai ki yi ta tuna masa har ya yi.

Game da shinkafar ɓera, mu dai ba mu goyon bayan zuba ta a gidan da ke da mai rarrafe ko kaji. Tarko ya fi, kyanwa ma tana taimakawa. Ɓeran da ya mutu kada a ɗauka da hannu. A sa leda ko cebur, a binne, a wanke hannu da sabulu.

Ku kuma 'yan makaranta, masu ɓoye ƙuli-ƙuli da garin kwaki cikin akwati a ɗakin kwana, ku riƙa rufewa sosai. In kun zo hutu ku hana ƙannenku maza farautar ɓera da gafiya in an sa wa daji wuta.

Cutar ta fi yawa da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, kuma takan fara kamar zazzaɓin cizon sauro: ciwon kai, kasala, ciwon maƙogwaro. Har yanzu ba ta da allurar rigakafi, kuma ana ɗaukarta daga jini, amai ko fitsarin majiyyaci. Saboda haka in an sha maganin zazzaɓi kwana 2 ko 3 babu sauƙi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a tafi asibiti, a kuma gaya wa likita cewa akwai ɓeraye a gidan.